YEMI TELLA: MALAMIN DA YA CIWO WA NIJERIYA KOFIN DUNIYA DA CIWON AJALI A ƘIRJINSA

A wannan mako filinmu na tarihin mazan jiya zai juya ne wajen ƙwallon ƙafa, domin mu kawo muku labarin wani Bayarabe wanda ya yi aikinsa a nan Ikko shekara da shekaru ba wanda ya damu da sunansa, sa'an nan cikin wata bakwai kacal duniya ta san shi, kafin a gama yi masa barka kuma sai ga labarin rasuwarsa. Cikakken sunansa Theophilus Adeyemi Tella, amma Yemi Tella aka fi saninsa da shi. Shi ne mai horar da ƙungiyar yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17, wato Golden Eaglets, wadda ta ci Kofin Afirka da Kofin Duniya a shekara guda, 2007.

An haife shi wajen 1951. Sana'arsa koyarwa ce. Duk mutumin da ya taɓa shiga harabar babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ko don kallo ko don neman abinci, ya wuce ta kusa da Makarantar Koyon Wasanni ta Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NIS. An buɗe ta a 1974, shekara guda bayan Ikko ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka, kuma a shekarar ce Sunday Dankaro, mutumin Takum ta ƙasar Taraba, ya hau shugabancin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya. Aikin makarantar shi ne horar da masu horarwa. Malamin wasanni daga Jalingo, ko tsohon ɗan wasa daga Kano, idan yana son takardar shaidar da za ta ba shi damar riƙe ƙungiya, nan yakan nufo ya zauna a aji. To, a wannan makaranta Tella ya yi malanta.

Wannan batu na malanta shi ne ya bambanta shi da yawancin waɗanda aka saba damƙa wa ƙungiyoyin ƙasa. Al'adarmu a nan ita ce a nemo tsohon ɗan wasa mai suna, wanda jama'a suka sha yi wa tafi, a ce masa ga yara nan. Sebastian Brodericks, wanda ya fara ciwo kofin, tsohon ɗan wasan ƙasa ne. Haka Augustine Eguavoen, haka Emmanuel Amuneke daga baya. Shi kuwa Tella daga gaban allo aka ɗauko shi. Da aka ba shi aikin, in ka tsaya a Agege ko Idi-Araba ka tambayi masu sauraron labarin wasanni ko wane ne shi, da wuya ka sami mai ba ka amsa.

HALIN DA YA TARAR DA ƘUNGIYAR

Ba za a gane girman abin da mutumin nan ya yi ba sai an san inda aka fito. A watan Agusta na 1985 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta shirya gasar yara karo na farko a ƙasar Sin, a lokacin ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce. Yaran Nijeriya, Nduka Ugbade na kyaftin, suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema a wasan ƙarshe. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ɗauki kofin duniya na FIFA kowane iri. Kafin tafiyarsu Baby Eagles ake ce musu, da suka dawo Shugaban Ƙasa Janar Muhammadu Buhari ya raɗa musu suna Golden Eaglets, 'yan kwanaki kafin a yi masa juyin mulki. A 1987 a Kanada suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Tarayyar Sobiyet ta fi su sa'a a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 1993 a Japan, ƙarƙashin Fanny Amun, su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro suka ci Ghana biyu da ɗaya, kofi ya sake dawowa gida.

Daga nan sai ruwa ya ɗauke. A 2001 a Tirinidad da Tobago, Musa Abdullahi ya kai su wasan ƙarshe, Faransa ta zuba musu uku ba ko ɗaya. Na 2003 a Finlan ya fi ciwo, domin Nijeriya, da John Mikel Obi a cikinta, ta yi daidai wa daida da Kosta Rika a maki da yawan ƙwallaye, aka rasa yadda za a raba su sai da aka jefa ƙuri'a, ƙuri'a kuwa ta faɗa wa Kosta Rika. A 2005 ko zuwa gasar ba a yi ba, a gida aka zauna ana kallon waɗansu a ƙasar Peru. Wato shekara 14 ke nan rabon Nijeriya da kofin a sa'ad da Tella ya shiga da yaransa. Hukumar ƙwallo, wadda Alhaji Sani Lulu Abdullahi yake shugabanta tun 2006, tana bukatar abin da za ta nuna wa jama'a, kuma kowa ya san yadda hukuma mai neman abin nunawa take matsa wa na ƙasa da ita.

Mataimaka biyu da aka haɗa shi da su sun cancanci a ambace su. Ɗaya shi ne Ben Iroha, mai tsaron baya wanda ya ci Kofin Afirka da Super Eagles a 1994 ya kuma buga Kofin Duniya a Amurka. Ɗayan kuwa namu ne, Malam Manu Garba, mutumin Gombe. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Aikin mai horar da yara ba irin na mai horar da manya ba ne. Mai riƙe da Super Eagles takarda kawai zai aika Turai a turo masa ƙwararru. Shi kuwa na yara sai ya bi ƙasa yana tankaɗe da rairaya, daga ƙananan ƙungiyoyin unguwa da makarantun koyon ƙwallo, yaro ɗaya daga nan, biyu daga can, waɗansu ko jirgin sama ba su taɓa shiga ba. Sa'an nan ya koya musu tsayuwa, ya koya musu haƙuri da ƙwallo, ya koya musu zama da juna alhali ba harshensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. In an lura da sunayen yaran da Tella ya tara za a ga Nijeriya ce sukutum: Lukman Haruna haifaffen Jos shi ne kyaftin, ga Rabi'u Ibrahim, ga Yakubu Alfa, ga Sheriff Isa, ga Mustapha Ibrahim, ga Macauley Chrisantus, ga Ganiyu Oseni da Kabiru Akinsola da Kingsley Udoh da Matthew Edile, Oladele Ajiboye kuma a raga. A ganina nan ne malantar ta yi rana. Wanda ya saba tsayuwa gaban ɗalibai iri iri ya san cewa ba tsawa ke sa yaro ya gane karatu ba.

Gwajin farko a Lome aka yi shi, babban birnin Togo, a watan Maris na 2007, inda aka yi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe ta gamu da masu masaukin baƙi a gaban jama'arsu. Aka yi minti 90 ba ci, aka ƙara lokaci, sa'an nan Nijeriya ta jefa ɗaya, aka tashi a haka. Shi ne karo na biyu da ƙasar nan ta ci wannan kofi, bayan na 2001. Nijeriya da Togo da Ghana da Tunisiya suka sami gurbin wakiltar Afirka a Koriya ta Kudu.

CIWO YA BAYYANA

A watan Yuni na shekarar Koriya ta shirya wata 'yar gasar share fage ta ƙasashe takwas, don ta gwada filayenta kafin babbar. Tella ya tafi da yaransa. A lokacin wannan tafiya ne likitoci suka gano cewa yana ɗauke da ciwon daji a huhu.

Jama'a, a tsaya a duba wannan al'amari da kyau. Ciwon daji na huhu mugun ciwo ne mai ɓoye kansa, sau da yawa ba a farga da shi sai ya riga ya yi nisa, shi ya sa yana cikin waɗanda suka fi kisa a duniya. Mutum mai shekara 56, mai iyali, an gaya masa wannan magana saura wata biyu a fara gasa. Da ya ce a ba wani aikin ya je ya kwanta a nemi magani, ba mahalukin da zai zarge shi. Ga mataimaka nan biyu ƙwararru. Amma bai yi haka ba. Ya koma sansani ya ci gaba da shiri, da lokaci ya yi kuma ya hau jirgi ya koma Koriya. Waɗanda suka kalli wasannin a talabijin sun ga dattijo ramamme a gefen fili, da yawa ba su san dalilin ramar ba sai daga baya.

Akwai masu cewa da ya huta da wataƙila ya ƙara kwana. Wannan magana ce ta bayan fage, kwana kuwa na Allah ne. Abin da ke fili shi ne mutumin ya auna abin da ya rage masa, ya zaɓi inda zai kashe shi.

An buɗe gasar ranar 18 ga Agusta, kuma a karo na farko ƙasashe 24 ne suka shiga maimakon 16. Washegari Nijeriya ta fara da Faransa, wadda ta kunyata ta shekara shida da suka wuce. Chrisantus ya jefa ta farko, Faransawa suka farke da bugun fanareti, Rabi'u Ibrahim ya ƙara ta biyu, aka rama bashi. Japan ta sha uku da nema, Haiti ta sha huɗu da ɗaya, inda Chrisantus da Sheriff Isa suka raba ƙwallayen biyu biyu.

Wasan da ya kusa tsinka wa mutane zuciya shi ne na Kolambiya a zagaye na biyu, wanda duk aka ci ya kama hanyar gida. Kolambiya ce ta fara ci bayan an dawo hutun rabin lokaci, ta kuma koma baya ta toshe ƙofa. Ana kallon agogo, saura kamar minti 12, sai Sheriff Isa ya farke. Ba a jima ba Yakubu Alfa ya ɗaɗa ta biyu. Yaran da aka ci su a irin wannan lokaci yawanci rikicewa suke yi, kowa ya ɗauki ƙwallo ya ce shi zai ceci ƙasa. Waɗannan ba su yi haka ba, suka ci gaba da ba juna ƙwallo kamar yadda aka koya musu har ƙofa ta buɗe. Wanda duk ya san ƙwallo ya san wannan daga horo yake fitowa.

Ajantina ta biyo baya, aka sallame ta da biyu da nema tun kafin hutu, Lukman Haruna da bugun fanareti, Chrisantus kuma ya ƙara. Ranar 6 ga Satumba a birnin Suwon aka kara da Jamus a wasan kusa da na ƙarshe. Cikin minti 20 na farko Chrisantus da Alfa sun riga sun jefa biyu. Wani yaron Jamus mai suna Toni Kroos ya rage ɗaya, Jamusawa suka yi ta matsawa, sai dab da tashi Akinsola ya rufe bakinsu da ta uku.

RANAR LAHADI A SEOUL

Ranar Lahadi 9 ga Satumba 2007, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, aka yi wasan ƙarshe da Sifen a babban filin birnin Seoul. Da yake agogon Koriya yana gaban namu da awa takwas, can dare ne, nan kuwa hantsi. Sifen ta shigo ba tare da gwaninta Bojan Krkic ba, domin an ba shi jan kati a wasansu da Ghana, amma a ragarsu akwai wani dogon yaro David de Gea. Aka yi minti 90, aka ƙara 30, ba wanda ya ga ragar wani. Sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, abin da ya kayar da Nijeriya shekara 20 daidai da suka wuce.

Edile ya buga ya ci. Na Sifen na farko, Asier Illarramendi, ya zubar da tasa waje. Daniel Joshua ya ci. Ajiboye ya tare ta Fran Merida. Oseni ya ci. Ajiboye ya sake tare ta Iago Falque, shi ke nan magana ta ƙare, uku da nema. Sifen, ƙasar da ake ganin ba a fi ta iya renon 'yan ƙwallo ba, ko ɗaya ba ta jefa ba.

A wasa bakwai yaran Tella sun jefa ƙwallo 16, an jefa musu huɗu, ba wanda ya doke su. Chrisantus ya karɓi takalmin zinariya da ƙwallo bakwai, ya kuma zo na biyu a jerin gwanayen gasar, bayan Kroos. Nijeriya ta kamo Brazil da kofi uku uku. Wani abin lura kuma, Sin da Japan da Koriya duk a nahiyar Asiya suke, har mutane suka fara cewa gabas ce alƙiblar sa'ar yaran nan.

Da suka dawo, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda bai cika wata huɗu a kan mulki ba, ya karɓe su a Abuja, ya ba Tella lambar girma ta ƙasa ta MFR. Jiki kuwa ya riga ya gama ba da abin da zai iya. Makonni biyu na ƙarshen rayuwarsa a gadon asibitin koyarwa na Jihar Ikko ya yi su. Ranar Asabar 20 ga Oktoba 2007, kimanin mako guda bayan ƙaramar Salla, ya cika yana da shekara 56. Tsakanin ranar da ya ɗaga kofi da ranar da ya rasu kwana 41 ne.

A watan Fabrairu na 2008 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta yi bikin ba da lambobinta na shekara, ta zaɓe shi gwarzon masu horarwa na Afirka na 2007. A Lome aka yi bikin, garin da ya ci kofinsa na farko wata 11 kafin nan.

INA YARAN SUKA SHIGA?

Wannan tambaya ce da ba a son yi, amma tarihin Tella bai cika ba sai da ita. Yaran da nasa suka kayar, ga inda suka kai. Toni Kroos ya ci Kofin Duniya na manya da Jamus a 2014, ya yi shekara goma a Real Madrid. De Gea ya koma Manchester United a 2011 ya tsare musu raga shekara 12. Illarramendi, wanda ya zubar da fanareti, shi ma Real Madrid ta saye shi a 2013. James Rodriguez na Kolambiya shi ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya na 2014.

Namu fa? Lukman Haruna ya tafi Monaco, ya buga wa Super Eagles Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, sa'an nan Dynamo Kiev, daga nan tauraronsa ya dushe. Chrisantus ya tafi Hamburg ta Jamus amma bai sami shiga sahun farko ba, ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Rabi'u Ibrahim, wanda mutane suka ɗora wa burin zama magajin Okocha, ya bi ta Sporting Lisbon da PSV da Celtic bai zauna ba, sai a ƙasar Sulobakiya ya sami natsuwa ya yi wasa mai kyau shekaru da dama. Sheriff Isa ya buga wa Kano Pillars. Ba a ce sun lalace ba, sun ci abinci da ƙafarsu, amma ba su kai inda aka zata ba.

Dalilai suna da yawa. Akwai dillalai masu ɗauke yaro da gaggawa su kai shi inda zai zauna a benci. Akwai rashin tsani tsakanin ƙungiyar yara da ta manya, kowane sabon mai horarwa ya zo sai ya watsar da na wanda ya gada ya nemo nasa. Akwai kuma maganar shekaru, wadda ta daɗe tana bin ƙwallon yara a ƙasar nan. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranar haihuwa a takardun waɗansu 'yan wasa, ta kuma ƙwace baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991 da aka riga aka ba mu. Sai a 2009, shekara biyu bayan rasuwar Tella, FIFA ta fara auna ƙashin wuyan hannun yara da na'urar asibiti don gane wanda ya wuce 17. A ƙasar da haihuwa da yawa ba a rubuta ta, mai horarwa da takardar da aka miƙa masa yake aiki. Gyaran wannan na hukuma ne, da iyaye, da ofishin rajistar haihuwa. Sai dai ni ina ganin da Tella ya yi tsawon rai ya bi yaran nan zuwa ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 20, da labarin waɗansunsu ya sake, domin a shekarun da yaro ya fi bukatar mai ce masa kada ka sa hannu a wannan takarda, a lokacin ne suka rasa malaminsu.

Gasar 2009 a nan gida aka yi ta, har Kano da Kaduna da Bauci suka ga wasanni, amma a wasan ƙarshe a Abuja Siwizalan ta ci Nijeriya ɗaya da nema. Kofin bai dawo ba sai 2013, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda yaran Nijeriya, Musa Muhammed na kyaftin, Kelechi Iheanacho na gwanin gasa, suka ci Meziko uku da nema a Abu Dhabi. Mai horar da su a wannan karo shi ne Manu Garba, wanda ya zauna kusa da Tella a benci a Lome da Seoul. Mataimakin Manu Garba kuma, Emmanuel Amuneke, shi ya karɓa daga hannunsa ya ciwo na biyar a ƙasar Chile a 2015, da Victor Osimhen a gaba.